Ina 'yan sukwash na Jos za su koma? Fashin baƙi kan neman sabon ɗakin wasa

Tun ranar da aka kawo wa kulob ɗinmu na sukwash takardar notis cewa mu tashi daga inda muke wasa, tambaya guda nake ta sha daga 'yan'uwa da abokan arziki: wai me ya yi zafi, ku nemi wani wurin mana. Wani maƙwabcina har ya ce ga filin makarantar unguwarmu nan, da yamma ba kowa, mu je mu roƙi hedimasta. Da zuciya ɗaya ya faɗa. A Jos muke, garin Mighty Jets da Plateau United, garin da Mikel Obi da Ahmed Musa suka taso, inda yaro kan ajiye duwatsu biyu a matsayin raga sai wasa ya kankama. Wanda ya taso a haka dole ya ɗauka kowane wasa ana iya naɗe shi kamar tabarma a je gaba a shimfiɗa. Sukwash kuwa ba ya naɗuwa, kuma dalilin hakan ne nake so in warware a nan, domin ko a cikin kulob ɗin akwai waɗanda har yanzu suke ganin matsalarmu ta kuɗi ce kawai.

Yadda muka shiga wannan hali ba sabon labari ba ne a ƙasar nan. Shekaru masu yawa da suka wuce wani bawan Allah mai son wasan ya ba da gefen filinsa aka gina ɗakuna biyu. Da baki ya bayar, da baki aka gode masa, daga baya aka riƙa biyan 'yar haya duk shekara don dai a fita kunya. Allah ya yi masa rasuwa, magada suka zauna rabon gado, suka ga filin ya fi musu amfani in an sayar. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Haƙƙinsu ne, kuma sun bi ƙa'ida, tunda mai hayar shekara notis ɗin wata shida doka ta tanadar masa in babu wata yarjejeniya ta daban. Wata shidan nan ne muke ci yanzu.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba: mutum biyu ne ke shiga rufaffen ɗaki, kowa da raket a hannu, suna dukan wata baƙar 'yar ƙwallon roba wadda ba ta kai ƙwan kaza ba, faɗinta kamar milimita 40, nauyinta giram 24 ko kusa da haka. Duk wanda ya buga, sai ƙwallon ta taɓa bangon gaba kafin ta faɗi ƙasa, abokin karawarsa kuma ya mayar da ita kafin ta yi tsalle biyu. A kan hanyarta tana iya bi ta bangon gefe ko na baya, kuma a nan gwanintar take. Wanda ya riga kai maki 11 da tazarar biyu ya ci zagaye, wanda ya ci uku cikin biyar ya yi nasara. Bangon nan guda huɗu da daɓen ƙasa su ne filin wasan gaba ɗaya. In ka taɓa ɗaya, wasan ka taɓa.

Awon ɗakin kuma hukumar sukwash ta duniya ta yanke shi, babu ragi babu ƙari. Tsawonsa mita 9.75, faɗinsa mita 6.4. Layin sama na bangon gaba yana kan mita 4.57, na bangon baya yana kan mita 2.13, na gefe kuma ya gangaro ya haɗa su. A ƙasan bangon gaba akwai wani faranti da 'yan wasa ke ce wa tin, tsayinsa santimita 48, manyan ƙwararru kan sauke shi zuwa 43. Ƙwallo ta taɓa shi sai ka ji ya yi ƙara, maki ya tafi. Sai kuma awon da ya fi ba mu wahala, wato daga daɓe zuwa rufi dole a sami sarari na aƙalla mita 5.64, ba fanka, ba ƙarfen rufi, ba fitila da ke rataye a ciki.

In aka yi lissafi za a ga fili ba shi ne babbar matsala ba. Ɗaki ɗaya murabba'in mita 62.4 ne, biyu kusan 125. Filotin nan da muka saba ce wa hamsin da ɗari ya kai murabba'in mita 465 ko kusa. Zai ɗauki ɗakuna biyu, da banɗaki, da wurin canza kaya, da benen 'yan kallo, har a sami ɗan wurin alwala da salla. Tsayi ne ke kayar da mu. Ɗakin kwana ko shago a Jos bai cika wuce mita uku ba, mu kuma kusan ninkinsa muke nema, wato tsayin bene hawa biyu da aka cire dakalin tsakiya. 'Yan kwamitinmu sun bi dillalai sun ga shaguna, sun ga wani tsohon ɗakin taro, sun ga gidan da aka fara aka bari. Wanda yake da faɗi ba shi da tsayi, wanda yake da tsayi akwai ginshiƙi a tsakiyarsa. Dillali zai ce maka, "Alhaji, ai sai a ɗan rage awon," kuma yana da wuya ka fahimtar da shi cewa yaron da ya koyi wasa a ɗakin da aka rage wa rabin mita, ranar da ya je gasa a Legas ko Abuja hannunsa zai riƙa yi masa ƙarya.

Sito ne kaɗai irin ginin da ke da tsayin da ake so, kuma akwai tsofaffin sito a hanyar Bukuru da kewayen tashar jirgin ƙasa. Sai dai samun sito rabin aiki ne, domin bangon sito ba bangon sukwash ba ne. Ƙwallon gwani kan fita da gudun da ya haura kilomita 200 a sa'a, kuma kusan wuri ɗaya take duka a bangon gaba, sau dubbai a mako. Filastar gida da aka shafa a kan bulo mai rami ba ta jure wannan. Za ta fara ƙara kamar ganga, ta tsattsage, sannan ta ɓare. Ana buƙatar bango cikakke mai nauyi, da wata filasta mai tauri ta musamman, ko allunan da aka ƙera don wannan aiki, kuma a miƙe sak, don in akwai ɗan tudu ko kwari ƙwallon za ta kauce. Yawancin waɗannan kaya daga waje ake shigo da su, kuma kowa ya san abin da ya sami Naira tun da aka sake ta a watan Yunin 2023. Siminti ma da ake yi a gida, a farkon 2024 buhu ya haura Naira dubu goma a wurare da dama. Ga kuma ƙarancin birkilan da ya taɓa yin irin wannan aiki. Mai ginin gida nagari ne zai iya ɓata shi da kyakkyawar niyya, ya goge bangon ya yi sumul ya shafa fenti mai sheƙi, ƙwallo ta riƙa sulɓewa.

Daɓen ƙasa shi ma nasa karatun daban. Katako ne da ake jerawa a kan wasu sanduna masu ɗan laushi, yadda in mutum ya yi tsalle ya dira ƙasan zai ɗan ba da kai. Ba a shafa masa man ƙyalli, a kan bar shi da ɗan kaushi don takalmi ya kama. Wanda ya ce a zuba siminti kawai a huta, a tambayi gwiwoyin dattawanmu da suka yi wasa a kan siminti suna samari. Katako kuma abokan gabarsa biyu ne, danshi da gara, kuma Jos ba ta rasa ko ɗaya ba. Daminarmu kan fara tun Afrilu ta kai Oktoba, wani lokaci har da ƙanƙara mai huda tsohon kwano. Yoyo na dare ɗaya ya isa ya kumbura katakon da aka shekara ana tara kuɗinsa. In iska ba ta ratsa ɗakin, gumin 'yan wasa da numfashinsu kan kwanta a bango kamar raɓa, wasa ya gagara.

A ɓangare guda kuma, babu garin da ya dace da wannan wasa a Arewa kamar Jos, shi ya sa abin yake ƙara yi mini ciwo. Muna sama da teku da kimanin mita 1,200, kuma sanyinmu ya hutar da mu sayen na'urar sanyaya ɗaki da a Kano ko Sakkwato sai da ita mutum zai iya minti arba'in a rufaffen ɗaki a watan Afrilu. Ƙwallon sukwash sai ta yi ɗumi take tsalle, don haka da hunturu mukan daɗe muna dukanta kafin a fara, wani har ya murza ta a ƙarƙashin takalmi. In ta ɗumama kuwa, saboda iskar tudu ba ta da nauyi, takan fi gudu a nan fiye da a bakin teku. A garuruwan da suka fi mu tudu, irin su Johannasbag, har wata ƙwallo ta daban mai ɗigon kore ake amfani da ita maimakon mai ɗigon rawaya biyu da ake gasa da ita. Yaron da ya saba da gudu a iskar Jos, in ya sauka ƙasa numfashinsa kan riga na abokan karawarsa dawowa.

To me za mu iya ɗauka mu tafi da shi? Katakon ƙasa in an cire a hankali, da gilashin bangon baya na ɗaki ɗaya, da ƙofofi, da fitilu, da farantin tin. Bango kuwa, wanda shi ya fi cin kuɗi da wahala, nan zai tsaya har katafila ta zo. A nan ne doka take shigowa, kuma a nan ne magabatanmu suka yi sake. Ƙa'idar da kotunanmu ke bi ita ce duk abin da aka kafa a ƙasa ya zama na mai ƙasar. Ka gina bene a filin wani ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba, ka yi masa kyauta ne. Zanen aro ba ya rufe katara, mun sani tun muna yara, amma kunya da ganin girman mai fili suka hana a ce masa ya sa hannu a takarda. A lokacin ana ganin neman takarda kamar rashin yarda ne da mutum. Ga shi yanzu shi ya tafi, waɗanda suka ji alkawarinsa da kunnensu ma saura ƙalilan.

Wani abin da da yawanmu ba su sani ba sai da lauya ya zaunar da mu: kulob ɗinmu a idon doka babu shi. Taron abokai ne kawai masu shugaba da ma'aji da littafin kuɗin wata. Ko yau wani ya ba mu fili kyauta, ba mu da sunan da za a rubuta a takarda, sai dai a sa na mutum ɗaya, ranar da ya rasu kuma a sake komawa gidan jiya da nasa magadan. Mafita ita ce a yi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni, kamar yadda dokar kamfanoni ta 2020 ta tanada, irin rajistar da masallatai da majami'u da ƙungiyoyin unguwa ke yi. Ana buƙatar kundin tsarin ƙungiya, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Cikin wata shida wannan ba ƙaramin lokaci ba ne, shi ya sa na nace a fara da shi kafin a ci gaba da yawon ganin filaye.

Bayan haka sai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne, yawanci na shekara 99, kuma sayarwa ko jinginarwa ko ba da doguwar haya sai da amincewar gwamna. A Filato sai an bi ta ma'aikatar filaye da ofishin PLAGIS mai ajiye bayanan filayen jihar a duba ko takardar da aka nuna maka ta gaskiya ce, sannan JMDB, hukumar raya birnin Jos, ta amince da zanen gini. Wannan duk kuɗi ne da lokaci, amma shi ne bambancin gida da masauki.

Yanzu bari in zo ga abin da ya raba kan kulob ɗin, wanda kuma a ganina shi ne ainihin maganar. Turawa ne suka kawo wasan nan. A makarantar Harrow ta Ingila aka fara shi wajen 1830, ya biyo jami'an mulkin mallaka da hafsoshin soja da ma'aikatan kamfanoni duk inda suka je. A nan Filato kuza ce ta jawo su, kuma sun kafa wuraren hutawarsu a inda suke zaune, kamar filin golf na Rayfield da ke nan tun 1913. Kasuwar kuza ta yi ta ja da baya har ta durƙushe a 1985, kamfanonin suka watse, amma ɗabi'ar ta zauna: har gobe a Najeriya ɗakin sukwash kusan kullum yana bayan wata ƙofa mai maigadi, ko a kulob ɗin manya, ko bariki, ko otal, ko jami'a. Namu ya sha bamban da sauran ta abu ɗaya. A tsakiyar gari yake, bakin titi, inda keke ɗaya ke kawo mutum daga kasuwar Taminus. Shi ya sa muke da yaran da iyayensu ba su taɓa jin sunan wasan ba. Leƙe suka fara yi ta taga, aka aike su sayen ruwa, wata rana wani ya miƙa musu tsohon raket.

Kuma duk ɗan Jos ya san tsakiyar gari ba maganar nisa kawai ba ce. Tun rikicin 7 ga Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010, mutane suka yi ta sayar da gidaje suna komawa inda nasu suka fi yawa. Garin ya rabu a zukatan mutane ko da babu katanga. Akwai unguwar da mahaifiya a Gangare ko Unguwar Rogo ba za ta bar ɗanta ya kai magariba a can ba, akwai kuma unguwar da mahaifiya a Tudun Wada ko Kabong ba za ta bar nata ya je ba. Ba na faɗin haka don in tayar da tsohon miki. Alhamdu lillahi abubuwa sun yi sauƙi ƙwarai. Amma wanda zai zaɓa wa kulob mazauni bai sa wannan a lissafi ba, ya zaɓi rabin membobinsa ya sallami rabi, ko bai yi niyya ba.

A ɗakunan nan biyu akwai Bahaushe da Birom da Afizere da Angas da Bayarabe da Ibo, kuma in gardama ta tashi kan ko wani ya tare wa wani hanya, da Hausa ake yin ta. Wasan kansa haka aka gina shi: babu raga a tsakaninku, wuri ɗaya kuke tsaye, kana bugawa dole ka kauce ka ba abokin karawarka hanya, in kuma ya ga zai maka maka raket dole ya tsaya ya nemi a sake. Mutumin da kuka shekara goma kuna haka da shi, shi ne zai kira ka ranar da gari ya ɗaure ya ce kada ka biyo ta wajensu yau. Ni an kira ni, ni ma na kira. Wurare irin wannan ba su da yawa a Jos, kuma ba a ƙirƙirar su da taron bita.

A zamanmu na ƙarshe, wani dattijo da duk muke ce wa Baba, wanda ya riga kowa shiga kulob ɗin, ya kawo shawarar a sayi fili a bayan gari, ko ta wajen Lamingo ko ta wajen Zawan, inda ƙasa ke da sauƙi. Hujjarsa mai ƙarfi ce. Ya ce ya gaji da zaman aro, yana so kafin ya bar duniya ya ga takarda da sunan kulob a kai. Ɗakin ya yi tsit, domin ba mai son musa wa Baba. Sai matashin da ke koyar da yara ya miƙe ya ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, ku kuna da mota. Yaran nan da ƙafa suke zuwa." Ya ce kuɗin keke biyu zuwa da biyu dawowa, tun bayan cire tallafin mai a 2023, ya fi ƙarfin abin da ake ba yaro na makaranta a mako. An hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru tun shekaru, keke ma lokaci-lokaci akan taƙaita zirga-zirgarsa da dare. Yarinya kuwa, ba uban da zai bar ta ta tafi bayan gari da la'asar.

Na tsaya a bayan matashin nan, kuma ina da ƙarin dalili. Filin araha a kewayen Jos sai an yi hattara. Wani yana kan tsohuwar ƙasar da masu haƙar kuza suka juye, kusa da kududdufan da suka bari, ƙasar ba ta zauna ba. Gida in ya ɗan tsage sai a toshe a shafa fenti. Bangon gaba na sukwash in ya tsage ɗakin ya tashi aiki. Wani filin kuma na gado ne da ɗan'uwa ɗaya ya sayar ba da sanin sauran ba. Ga jan wuta da haƙa rijiya da ɗaukar maigadi, waɗanda ba a gani a farashin da dillali ke faɗa. Wutar ma dai da sauƙi yanzu, tunda fitilun zamani ba sa ci da yawa, sola da batir za su riƙe su.

Sauran hanyoyin ba su ɗauke mu lokaci ba. Bariki akwai tsaro da tsafta, amma izinin shiga na kwamanda ne, kwamanda kuma ana canza shi, ranar da gari ya ɗan motsa kuwa ƙofa a rufe take ga farar hula, kuma daidai ne su rufe. Otal kasuwanci yake yi. Murabba'in mita 62 da mutum biyu kawai ke amfani da shi a lokaci guda ba zai taɓa kawo abin da ɗakin biki ko wurin motsa jiki zai kawo ba, shi ya sa a ƙasashe da yawa ake ta mayar da ɗakunan sukwash wani abu daban. Jami'a ta fi kusa da abin da muke so, ga matasa ga fili, sai dai a 2022 yajin aikin malamai ya rufe jami'o'in tarayya wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

Abin da nake ganin ya fi, a nemi gefen filin gwamnati a cikin gari, ko a harabar wata makarantar sakandare da ke kan iyakar unguwanni, ko kusa da filin wasa na Rwang Pam inda kowa ya saba zuwa ba tare da ya waiga ba. Kulob ya gina da kuɗinsa, ya koyar da ɗaliban makarantar kyauta, a madadin haka a ba shi doguwar haya ta shekara ashirin da biyar ko fiye. Amma fa haya mai rajista, da hatimi da taswirar safiyo, ba takardar fahimtar juna da ake sa wa hannu a gaban 'yan jarida ba. Irin wannan takarda takan bi kwamishinan da ya sa mata hannu ranar da ya bar ofis. A kuma rubuta ƙarara abin da zai faru da ginin in gwamnati ta buƙaci filinta, da diyyar da za a biya, da ƙofar da 'yan kulob za su riƙa bi in makaranta tana hutu. Tun ran gini ake zane.

Na san abin da za a ce: gwamnati ƙwallon ƙafa ta sani. Haka ne, amma yanzu muna da abin faɗa da ba mu da shi a da. A Oktoban 2023, a taron da aka yi a Mumbai, kwamitin Olamfik ya amince a sa sukwash a wasannin Los Anjalas na 2028, karo na farko a tarihi. Kuma ƙasar da ta fi kowa a wasan yau a Afirka take. Masar ce, ƙasar Amr Shabana da ya ci kofin duniya a 2003, da Nour El Sherbini da Ali Farag da suka ci shi sau da dama bayansa. Abin da ya ɗaga su shi ne ɗakuna masu yawa a kulob-kulob na Alƙahira da Iskandariyya, da yara ƙanana da ke cika su suna kallon manya. Kafin su Pakistan ce ta riƙe wasan, kuma tushenta wani yaro ne mai suna Hashim Khan da ke tsinto wa hafsoshin Ingila ƙwallo a kulob ɗinsu na Peshawar, in sun tashi ya shiga ba takalmi ya buga shi kaɗai. Ya ci babbar gasar Birtaniya a 1951, ya sake cin ta har sau shida. Daga danginsa Jahangir Khan ya fito, wanda ya yi nasara sau 555 a jere tsakanin 1981 da 1986. Da an kai ɗakin can inda ƙafar Hashim ba ta kaiwa, da babu ko ɗaya daga cikin wannan. Mu ma a nan gida an buga sukwash a wasannin Afirka da Abuja ta karɓi baƙunci a 2003, don haka ba baƙon abu za mu kai wa hukumar wasanni ba.

Akwai wani ɗaci da dole mu haɗiye. Kuɗin da za mu iya tarawa, da gudummawar membobi da ta tsofaffin 'yan wasanmu da ke Abuja da waje, da ƙyar zai gina ɗaki ɗaya mai kyau. Gara ɗaya ingantacce da harsashin na biyu a gefensa, da biyu na jeka-na-yi-ka. Amma ɗaki ɗaya na da nasa haɗarin. Daga ƙarfe huɗu zuwa takwas na dare, in kowane wasa minti arba'in ne, wasa shida ke nan, mutum goma sha biyu. Masu biyan kuɗin wata za su ce su suka gina, kuma yara ne za a fara korewa, ba da mugunta ba, da "ku bari sai gobe". Shi ya sa na nemi a rubuta lokacin yara da na mata a cikin kundin tsarin da za a kai rajista, yadda ba shugaban da zai zo ya soke shi da baki. Baba bai ji daɗin an ƙi shawararsa ta fili ba, amma a wannan shi ya fara ɗaga hannu.

Ko da komai ya tafi daidai, gini ba zai kammala cikin wa'adin da ya rage ba. Bango sai ya bushe sarai kafin a yi masa filasta, filasta sai ta bushe kafin a shigo da katako, kuma in aka yi ta a tsakiyar hunturu ba a bi ta da ruwa ba, iska za ta busar da ita da gaggawa ta tsage. Za mu yi watanni ba mu da gida. Manya za su lallaɓa inda suke da sanayya. Yaran kuma malaminsu ya ce zai riƙe su da gudu da atisayen ƙafa, ya zana awon ɗaki da alli a kan siminti suna bin kusurwa-kusurwa da raket ba ƙwallo, kamar yadda ƙwararru ma ke yi. Kafintan da zai cire daɓen ya ce sai an sa wa kowane katako lamba kafin a ɗaga shi, a jera shi a kwance a kan bulo nesa da ƙasa, a sa ƙananan itace tsakanin layi da layi don iska ta ratsa. Wani memba ya ba da gefen sitonsa. Kafintan ya duba rufin siton, ya ce zai riƙe damina ɗaya.